Likita ya rubuta, kwamfuta ta fahimci wani abu daban: tambayoyi da amsoshi kan juya bayanan asibiti

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ma'aikatan ɗakin kati, 'yan lab da matasa masu rubuta manhaja, duk lokacin da aka ce za a haɗa kwamfutar wani asibiti da ta wani, ko da ta kamfanin inshora, ko da ta ma'aikatar lafiya. Na amsa su gwargwadon yadda aikin yake a hannu.

Wai me ake nufi da juya bayanan asibiti?

Aiki biyu ne ake haɗe su a suna ɗaya, kuma rikici yakan fara daga nan. Na farko shi ne sauya lambar da ke wakiltar cuta, gwaji ko magani daga wani ƙamus zuwa wani. Hawan jini, misali, lambarsa 38341003 ce a ƙamus ɗin SNOMED CT, I10 a ICD-10, BA00 kuma a ICD-11. Na biyu shi ne sauya ambulan ɗin da ake zuba bayanin a ciki idan za a aika, wato tsarin saƙon kansa, kamar daga HL7 na biyu zuwa FHIR. Ana iya canza ambulan a bar wasiƙar yadda take, ana iya fassara wasiƙar a mayar da ita tsohon ambulan. Galibi ana buƙatar duka biyun, amma kowanne da masu iya shi. Sauya ambulan aikin mai manhaja ne. Sauya lamba sai an zauna da wanda ya san cuta.

Me ya hana a yi ƙamus ɗaya kowa ya huta?

Domin kowanne da abin da aka ƙirƙire shi ya yi. ICD asalinsa lissafin mamata ne. A 1893 aka amince da jerin dalilan mutuwa da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta karɓi ragamarsa a 1948. Har yau ɗabi'arsa ta mai ƙidaya ce: kowane majinyaci dole ya faɗa rumbu ɗaya, shi ya sa yake cike da rumbunan "sauransu" da "ba a fayyace ba".

SNOMED CT na gefen gadon majinyaci ne. An samar da shi a 2002 bayan haɗe wani ƙamus na ƙungiyar likitocin binciken cututtuka ta Amurka da lambobin Read na hukumar lafiyar Ingila, kuma yana ɗauke da ma'anoni sama da 350,000: cuta, alama, sashen jiki, tiyata, ƙwayar cuta, duka. LOINC, wanda cibiyar Regenstrief da ke Indiyanafolis ta fara a 1994, yana ba wa tambaya suna, wato gwajin da aka yi ko awon da aka ɗauka. Magunguna kuma suna da nasu: ATC na Hukumar Lafiya ta Duniya, inda farasitamol yake N02BE01, da RxNorm na Amurka, inda ma sunan maganin ya koma asetaminofen.

Mai ƙidaya yana son rumbu kaɗan, likita yana son kalma daidai da abin da ya gani. Ba a taɓa samun ƙamus ɗin da ya gamsar da su biyun ba.

To ba sai a jera lamba gefen lamba a Excel ba, a gama?

Da haka kowa yake farawa, ni ma da haka na fara. Layi ɗari na farko sukan tafi lafiya, don cututtuka irin su ƙyanda da kwalara suna da takwara kai tsaye. Daga nan sai a fara cin karo da abubuwan da jadawali mai gida biyu ba zai iya ɗauka ba.

Ɗauki rashin haihuwa. Likita na iya rubuta shi haka kawai, SNOMED CT ya karɓa. ICD-10 kuwa sai ya tambaya: namiji ne ko mace? Idan namiji ne N46, idan mace ce N97. Amsar ba ta cikin lambar da aka kawo, tana can a wani sashe na katin. Ko maleriya: B50 ce idan gwaji ya nuna nau'in falsifarum, B54 idan ba a fayyace ba, amma idan mai juna biyu ce ta kamu, akwai O98.6 da ke babin ciki da haihuwa wadda ya kamata ta shigo. Hawan jini ma haka, na mai ciki yana tsakanin O10 da O16, ba ya zama a I10. Saboda irin wannan ne jadawalin da SNOMED International, ƙungiyar da ke kula da SNOMED CT, ke fitarwa zuwa ICD-10 yake tafe da sharuɗɗa, wasu na jinsi, wasu na shekaru, kuma ma'ana guda tana iya buƙatar lambobi biyu a ɗaya ɓangaren.

Sai kuma batun faɗi. Wani lokaci lambar da aka nufa ta fi ta asali faɗi, wani lokaci ta fi ta ƙunci, wani lokaci babu takwara sam. FHIR yana da wani sashe mai suna ConceptMap da aka yi domin wannan, inda kowane layi ke faɗin irin dangantakar: daidai suke, ta asali ta fi ƙunci, ta asali ta fi faɗi, ko ba su da alaƙa. Jadawalin da bai faɗi wannan ba yana nuna kamar komai daidai ne, kuma ƙarya yake yi.

Mafi haɗari shi ne tafiya daga faɗi zuwa ƙunci. Na taɓa ganin jadawali a wani asibiti da aka sa duk "maleriya" ta koma B50, da hujjar ai falsifarum ce ta fi yawa a ƙasarmu. Gaskiya ne ita ta fi yawa. Amma sai ga rahoton wata yana nuna kowace maleriya an tabbatar da nau'inta, a watan da kayan gwaji suka yanke kusan mako biyu. Babu wanda ya yi niyyar ha'inci. Jadawalin ne ya ƙara wa likita maganar da bai faɗa ba.

Idan an juya daga SNOMED CT zuwa ICD, za a iya dawowa baya?

A'a. Hatsin da aka kai inji ba ya komawa tsaba. Ma'anoni da yawa ne suka zube a rumbu ɗaya, ba yadda za a yi a san wacce ce ta shiga. Jadawalin tafiya daban, na dawowa daban, kuma na dawowa abin da zai iya bayarwa kaɗan ne.

Shi ya sa ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce a ajiye asali. A FHIR, gurbin da ake sa cuta yana karɓar lambobi fiye da ɗaya tare da rubutun likita kalma da kalma. A sa lambar asali, a sa wadda aka juya, a bar rubutun. Duk manhajar da ke goge asali bayan ta juya, ku guje ta ko da kyauta aka ba ku.

ICD-10 ba ɗaya ba ne a ko'ina?

Sunan ne ɗaya. Na Hukumar Lafiya ta Duniya an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Amurka ta yi nata gyararren mai suna ICD-10-CM, mai lambobi kusan 70,000, ta fara amfani da shi wajen biyan kuɗin magani ranar 1 ga Oktoba 2015. Matsalar ita ce idan matashi ya nemi jerin lambobi a intanet, na Amurka ne ya fi saurin faɗowa hannunsa.

Ga inda suke saɓawa. A na Hukumar Lafiya, lambobin cuta mai karya garkuwar jiki sun kama daga B20 zuwa B24, kuma B20 na nufin wadda ta jawo wata cuta mai yaɗuwa. A na Amurka B20 kaɗai ce ta ɗauke cutar baki ɗaya. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. Amosanin jini mai tashi D57.0 ne a na duniya, na Amurka kuma ya ƙara tsattsaga shi zuwa D57.00, D57.01 da sauransu, waɗanda tsarin da ke jiran na duniya zai ƙi karɓa. Ko na duniyar ma yana canzawa: zazzaɓin dengi ya bar A90 da A91 ya koma A97 a bugun 2016. Don haka lamba ba ta cika sai an faɗi ƙamus ɗinta da bugunsa. A Nijar da Kamaru kuwa, CIM-10 da za ku gani a takardu shi ne dai ICD-10 da sunansa na Faransanci.

ICD-11 fa, ya sauƙaƙa ko ya ƙara wahala?

Duka biyun. An amince da shi a Mayun 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, kowace ƙasa kuma tana ƙaura a kan lokacinta. An gina shi domin kwamfuta tun daga tushe, yana da lambobi kimanin 17,000, kuma ana iya ɗaura ƙarin bayani a jikin lamba, kamar gefen dama ko hagu, ko tsananin ciwo. Har haruffan I da O aka cire daga lambobinsa don kada su rikice da 1 da 0, wanda duk mai shigar da bayani zai yi wa wannan addu'a.

Wahalar tana wajen kwatanta bara da bana. Shanyewar ɓarin jiki a ICD-10 tana babin jijiyoyin jini da zuciya, a ICD-11 ta koma babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta. Asibitin da ya ƙaura bai lura ba zai ga cututtukan zuciya sun ragu dare ɗaya, wani ma ya tashi ya yi jawabin nasara. Hukumar Lafiya tana bayar da jadawalin ƙaura tsakanin bugu biyun, domin lissafi aka yi shi, kada a ɗauka zai sake rubuta katin majinyaci.

Mene ne bambancin HL7 na biyu da FHIR? Muna ta jin sunayen.

HL7 ƙungiya ce da aka kafa a 1987, kuma tsarinta na biyu har gobe shi ne ke ɗauke da mafi yawan saƙonni tsakanin na'urorin lab da kwamfutocin asibiti. Layuka ne da aka yanka da sanduna. Ga sakamakon gwajin jini guda:

OBX|1|NM|718-7^Hemoglobin^LN||8.2|g/dL|12-16|L|||F

A karanta shi daga hagu. OBX na nufin layin sakamako ne. NM na cewa amsar adadi ce. 718-7 lambar LOINC ce ta yawan himogulobin a jini, LN kuma ita ke shaida cewa daga LOINC take. Sai 8.2, sai ma'auni, sai iyakar lafiya, L na cewa ya yi ƙasa, F na cewa sakamakon ƙarshe ne. Sanduna biyu a jere gurbi ne da aka bari fayau, kuma idan aka manta sanda ɗaya komai ya gusa gida guda.

FHIR ya zo daga baya. Grahame Grieve, ɗan Ostareliya, ya gabatar da tunaninsa a 2011, bugu na huɗu wanda aka fi amfani da shi ya fito a ƙarshen 2018, na biyar a 2023. Ya yanka bayani gunduwa gunduwa, kowace da sunanta: Patient na majinyaci, Observation na awo da gwaji, Condition na cuta, MedicationRequest na rubuta magani, kuma ana kiran su ta intanet kamar yadda manhajojin waya ke yi. Layin can na sama zai zama Observation guda, mai nuni zuwa ga Patient ɗinsa.

Inda aikin ke cin lokaci shi ne tsarin na biyu ya bar ƙofa a buɗe. Kowane kamfani na iya ƙara layukansa masu farawa da Z, kuma da yawa ba sa sa LOINC, lambar gida suke sawa, irin su HB1 ko FBS. Mai juyawa zai iya kai saƙon cikin FHIR tsaf, ya wuce duk binciken tsari, alhali ɗaya ɓangaren bai san me HB1 ke nufi ba.

An ce ma'auni ya fi lamba kashe mutum. Da gaske ne?

Duk wanda ya sayi hatsi a kasuwanni biyu ya san mudu ba ɗaya ba ne. Sukarin jinin da na'urar hannu ke nunawa 126 a mg/dL, lab ɗin asibitin koyarwa zai rubuta shi 7.0 a mmol/L, takardar da aka kawo daga Maraɗi ko Damagaram kuma tana iya cewa 1,26 a g/L, bisa al'adar Faransa, har da waƙafi a madadin ɗigo. Jini ɗaya ne. To a ce manhaja ta ɗauki 1.26 ta zuba a gurbin mmol/L. Abin da ma'aikaciyar jinya za ta gani shi ne sukari ya faɗi warwas, maganinsa kuma a ɗura wa mutum sukari, mutumin da nasa yake kan iyakar ciwon suga. Majinyata suna tsallaka iyakar Jibiya da ta Maigatari kullum da takardunsu a leda, don haka wannan ba tatsuniya ba ce.

LOINC ya raba su tun daga lamba: 2345-7 na sukari ne da aka auna da nauyi, 14749-6 na wanda aka auna da mol, wato irin mmol/L. Ma'aunin kansa kuma akwai tsarin rubuta shi mai suna UCUM. Ƙa'idar ita ce adadi ba ya tafiya shi kaɗai. Idan ma'auni bai zo ba, a tsayar da saƙon, kada a yi hasashe.

Wani abin da ya shafe mu: a Najeriya PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, aka fi rubutawa, wasu wurare himogulobin. Likitoci sun saba raba PCV gida uku su ƙiyasta himogulobin, kuma ya wadatar a bakin gado. Amma gwaji biyu ne masu lamba daban daban. Kada manhaja ta yi wannan lissafin ta ajiye shi kamar an auna.

Majinyaci ya ce "shawara" ko "basir". Wace lamba za a ba shi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a nan ne ake gane iyakar aikin. Shawara a bakin Bahaushe tana iya zama rawayar ido kawai, wadda alama ce, R17. Tana iya zama ciwon hanta nau'in B da ya daɗe, B18.1. Tana iya zama ta jariri sabon haihuwa, P59, ko zazzaɓin shawara mai annoba, A95, wanda mutum ɗaya ya isa a tada hukuma. Basir ya fi haka faɗi, kusan duk abin da ya dami ciki da dubura yana iya shiga. Sanyi kuwa sai wanda ya faɗa ya yi bayani. Zazzaɓi ma a wurin mutane da yawa maleriya ce, alhali a ƙamus alama ce kawai, R50.9.

Kalmar majinyaci koke ce, a ajiye ta a gurbin koke da harshen da ya faɗe ta. Lambar cuta sai bayan ma'aikacin lafiya ya duba. Akwai kalmomin da suka tsaya da ƙafarsu, kamar yoyon fitsari ko farfaɗiya, amma ko su ban yarda a ɗaure su da lamba kai tsaye ba tare da idon likita ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba za su iya karanta rubutun likita su fitar da lambobin ba?

Suna taimakawa wajen nuna lambar da za ta iya dacewa, kuma suna da sauri. Inda suke tuntuɓe sananne ne. Likita ya sa alamar tambaya gaban taifod, ma'ana yana zato, manhaja ta mayar da shi tabbas. Ya rubuta babu tarin fuka, ta ga sunan cutar ta ɗauka. Ya rubuta mahaifiyarsa na da ciwon suga, ta liƙa wa ɗan. Ga gajerun haruffa: PID wurin likitan mata ciwon mara ne, wurin likitan ƙashi faifan gadon baya ne da ya zame, a saƙon HL7 kuma sunan layin da ke ɗauke da sunan majinyaci ne. Manyan manhajojin hira kuma suna iya ƙirƙiro lamba mai kama da gaske wadda babu ita, ko su ba da ta wata cuta. Duk lambar da suka kawo a tantance ta a rumbun ƙamus na ainihi, mutum kuma ya sa hannu.

Mu DHIS2 muke cikawa duk wata. Wannan magana ta shafe mu?

Ta shafe ku sosai. DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina shi, shi ne rumbun rahoton lafiya na ƙasa a Najeriya da Nijar, kuma abin da aka fi zuba masa jimilla ce: yara nawa 'yan ƙasa da shekara 5 aka tabbatar suna da maleriya a wannan wata. Tafiya daga katin mutum ɗaya zuwa wannan gurbi ita ma juyawa ce, kuma ta fi kowacce asarar bayani. Dole a rubuta a fili waɗanne lambobi ne ke shiga gurbin, ana ƙirga wanda ya dawo sau biyu ko a'a, shekarunsa na ranar zuwa ne ko na ƙarshen wata.

Masu amfani da OpenMRS, tsarin ajiye katin majinyata a kwamfuta wanda aka fara a 2004 don asibitocin Eldoret a Kenya kuma aka gina irinsa na Najeriya, NMRS, a kansa, suna da sauƙi guda: ƙamus ɗin CIEL da ake amfani da shi a OpenMRS ya riga ya ɗaure dubban ma'anoni da ICD, SNOMED CT da LOINC. Kafin ku ƙirƙiri sabuwar lambar gida, ku duba can.

Sunaye da ranaku fa?

Ranar 03/04/2024 Afrilu ce a Kano, Maris ce a manhajar da aka rubuta a Amurka. FHIR ya kashe gardamar da tsarin shekara, wata, rana. Ya kuma yarda a rubuta shekara kaɗai, wanda ya fi gaskiya ga dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, maimakon 1 ga Janairu da ake liƙa wa rabin gari. Sunaye kuwa, Muhammad da Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya, Usman a nan shi ne Ousmane a tsallake, kuma Musa Ibrahim goma na iya yankar kati rana ɗaya. Haɗa katin mutum biyu ya fi raba na mutum ɗaya muni. A tabbatar kuma tsarin yana karɓar UTF-8, hanyar adana haruffa a kwamfuta da ta san haruffanmu masu lanƙwasa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya a hanya.

Ana biyan kuɗi?

ICD da LOINC da FHIR kyauta ne, bisa sharuɗɗan lasisinsu. SNOMED CT yana buƙatar lasisi: kyauta ne a ƙasashen da ke mambobin ƙungiyar da kuma waɗanda Bankin Duniya ya sa a rukunin masu ƙaramin ƙarfi, sauran kuma ana biya. Akwai wani yanki nasa mai suna Global Patient Set da aka sake wa kowa. Kuɗin gaske yana tafiya ne a lokacin ma'aikata, don SNOMED CT na duniya yanzu duk wata yake fitar da sabon bugu, lambobi na ritaya, jadawali kuma na tsufa.

Ta yaya za mu san jadawalinmu ya yi daidai, kuma wa ke da alhaki idan ya kuskure?

Ku fara da abin da kuka fi gani. Ku ciro cututtuka da gwaje gwaje 100 da suka fi yawa a rajistarku, mutum biyu su daidaita su kowa shi kaɗai, sannan a zauna kan inda suka saɓa, likita ko masanin lab ya raba gardama. A rubuta manufar jadawalin a samansa, na inshora ne ko na ƙidaya ko na jinya, da bugun kowane ƙamus, da ranar da aka duba, da sunan wanda ya amince. Lambar da ba ta da takwara a bar ta a fili, ta faɗa jerin jira da wani ke dubawa duk mako, kada a tura ta "sauransu" a ɓoye.

Alhaki yana kan asibitin da ke riƙe da bayanan, ko da ɗan kwangila ne ya rubuta manhajar. A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Don haka kada a kwafi katin mutum na gaske a liƙa a wani shafin juyawa na intanet don gwaji, a ƙirƙiri majinyacin bogi. Kafin a kunna tsarin kuma, a ɗauki folda 20 daga ɗakin kati, a buɗe kowacce gefen allon kwamfutar da ta karɓi saƙon, a karanta layi da layi tare da likitan da ya rubuta.